Maigidana ba ya jituwa da kirefish, ni kuma tsoro ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Shekara huɗu ke nan da aiki ya ɗauko maigidana daga Zariya ya kawo mu Fatakwal. Bara ya je walimar wani abokin aikinsa, ya ci shinkafa da miya, ko minti goma ba a yi ba leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, muryarsa ta dishe, ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya taimaka akwai asibiti kusa. Likita ya ce alaji ne na kirefish da danginsa, alhali tun yana yaro yake cinsa a miyar agushi ba abin da yake yi masa.

Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na daina sayen kifi. Na daina amfani da gishiri mai aidin don wata ta ce mini aidin ne ke jawo abin. Kwanon maƙwabta in ya shigo sai in juye wa almajirai. Ba ma zuwa biki. In ya fita aiki sai in kira shi sau biyar in ji me ya ci. Shi kuma cewa yake na cika takura, yana cin abinci a waje, kuma kunyar tambaya yake ji. Wata biyu da suka wuce abin ya sake tashi, ya sha Piriton ya ce ya wuce. Da muka je gida da salla na tambayi abin da aka sa a miya, Hajiyarsa ta ji haushi, ta ce sammu aka yi masa, kuma na mallake mata ɗa har abincinta ba ya ci. Ga autata 'yar wata takwas, kowa cewa yake in riƙa sa mata kirefish a kunu, ni kuwa tsoro nake ji. Na gaji, Anti. Yaya zan yi?

Daga wata ƙanwarki a Fatakwal

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Duk macen da ta taɓa ganin mijinta a gadon asibiti yana kokawa da numfashi ba za ta ce kin zaƙe ba. Tsoronki yana da tushe. Amma yadda na karanta wasiƙarki, ciwon a jikin mutum ɗaya yake, mutum biyu yake ci, kuma wadda ya fi ci yanzu ke ce. Mai ciwon ya sakar miki kayan gaba ɗaya, ke kuma kin ɗora har da wanda ba ya cikin kayan. Don haka abu biyu nake so mu yi: mu sauke abin da bai kamata a ɗauka ba tun farko, sauran kuma mu mayar wa maigida rabonsa.

Kin yi mamakin yadda abin da ya ci tun yana yaro ya zo ya juya masa baya da girmansa. Haka wannan alajin yake, ya fi kowane alajin abinci yawan farawa bayan mutum ya girma. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 ya gano cewa a cikin manya, alajin jatan lande da ƙaguwa da danginsu, har da kirefish, shi ne kan gaba, kusan mutum 3 cikin 100. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta ɗauki wani furotin da ke cikin naman waɗannan halittu, mai suna tirofomayosin, a matsayin abokin gaba, sai ta tayar da yaƙi duk lokacin da ta gamu da shi. Wuta ba ta kashe wannan furotin. A dafa, a soya, a shanya a rana, a niƙa ya zama gari, yana nan daram. Kuma wanda abin ya kama da girmansa, yawanci da shi zai zauna har ƙarshen rayuwa. Na faɗa miki wannan ne don kada wani ya ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Kada ki yarda a gwada masa wannan a gida ko da ɗigo ɗaya ne.

To, ga abin da za ki sauke yau ɗin nan. Ki koma gishirinki mai aidin. Maganar aidin tsohuwar jita-jita ce da likitoci suka daɗe da ƙaryatawa. Jikin kowa yana buƙatar aidin, kuma kina da ƙananan yara da ƙwaƙwalwarsu ke kan girma, rashinsa ne ma ke jawo maƙoƙo. Kifi kuma, furotin da ke tayar da alajinsa daban ne da na jatan lande, shi ya sa mafi yawan masu irin ciwon maigidanki suke cin kifinsu lafiya lau. Idan tun bayan faɗuwar tasa ya ci kifi bai ji komai ba, ba ki da dalilin hana gidan. In kuwa bai sake ci ba, ku tambayi likita kafin ya koma. Hatsarin kifi a gari irin Fatakwal yana wajen mai sayarwa ne, inda za ki ga banda da kirefish a faifai ɗaya, hannu ɗaya ke ɗiba, leda ɗaya ake zubawa. Ki samu mai kifin da ba ya haɗawa, ki riƙe shi, ki wanke sosai in kin kawo gida.

Akwai kuma rukuni na biyu, masu zama cikin ɓawo irin dodon koɗi da ƙananan nan na bakin ruwa da mutanen Ribas ke zubawa a miya da ɓawonsu. Wasu masu alajin kirefish suna iya cinsu, wasu ba sa iyawa. Wannan likita ne zai raba gardama da gwajin fata ko na jini, kafin nan ya bar su.

Yanzu ga inda ya kamata idonki ya tsaya, don kirefish ba ya shigowa da sallama. Ki je wajen markaɗe da safe ki tsaya minti biyar kina kallo. Mai injin zai zuba waken alalar wata da aka haɗa da kirefish da attaruhu, ya ƙare, ya watsa kofin ruwa ɗaya, ya ɗauki bokitinki na tumatir ya juye. Abin da ya maƙale a haƙoran injin nan ya ishe shi ya kwantar da maigidanki. In da hali ki sayi ƙaramar na'urar markaɗe ta gida, in babu ki koma turmi da dutsen niƙa, amma turmin ya zama wanda ba a taɓa daka kirefish a ciki ba, don icce yana riƙe gari a tsagunansa. Garin agushi da na ogbono da ake niƙawa a kasuwa su ma haka, ki sayi tsabar ki niƙa da kanki. Dunƙulen magi akwai mai ɗanɗanon kirefish, sau da yawa da hoton jatan lande a jikin takardar, ki karanta kafin ki saya. Man da aka soya jatan lande a ciki aka sake soya doya ko kaza, shi ma hanya ce. Haka tururin tukunyar da ake dafa su yana iya tayar wa wasu da tari da sarƙewar numfashi, don haka kada ya tsaya a bakin murhun masu dafa su. Alala, dafa-duka, soyayyar shinkafa, miyar ganye ta mutanen kudu, romon da ake zubawa kan gasasshiyar ayaba da kifi, duk waɗannan a waje sai an tambaya.

Akwai kuma wani da 'yan Arewa ba sa kawowa a rai, wato fara. Fara da gyare da kyankyaso da ƙananan ƙwarin ƙura masu zama a katifa, waɗanda ido ba ya gani, duk suna da furotin mai kama da na jatan lande, har jiki yana iya rikita su. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, da ta duba batun cin fara a 2021, ta yi gargaɗin cewa masu alajin jatan lande suna iya kamuwa. In kun je Zariya aka miƙo masa soyayyar fara da yaji, ya ce alhamdulillahi ya wuce.

Jerin nan yana da ɗan tsawo, amma yana da ƙarshe. Tsoron da kike ciki yanzu shi ne ba shi da ƙarshe, domin komai kika kalla sai ki ga guba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne Piriton ɗin nan. Irin waɗannan magungunan na ƙaiƙayi da borin jini ne, fata suke kwantarwa, kuma sai sun ɗau lokaci kafin su fara aiki. Ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi ƙasa. Abin da ya same shi a walima likitoci suna kiransa anafilaksis, kuma maganinsa na farko guda ɗaya ne: allurar adirenalin a tsokar gefen cinya ta waje. Yadda tashin wata biyu da suka wuce ya zo da sauƙi ba ya nuna na gaba zai zo da sauƙi. Ƙarfin tashin yana canzawa da yawan abin da aka ci, da ko mutum ya yi aikin ƙarfi bayan ci, da ko ya sha maganin ciwon jiki irin ibuprofen ko asfirin, da ko yana da asma. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya ana lissafa shi cikin masu iya sake faɗuwa.

Saboda haka ku koma asibiti ku biyu, cikin makon nan in Allah ya yarda, ku nemi likita ya rubuta muku a takarda abin da za a yi in ya tashi, kuma ya rubuta adirenalin. Akwai wadda ake yi kamar biro, a cire murfi a danna a cinya ko ta saman wando, ta manya tana ɗauke da miligiram 0.3. A ƙasarmu tana da wuyar samu kuma da tsada, amma in akwai ɗan'uwa mai zuwa daga waje, wannan ita ce tsarabar da za ki roƙa, guda biyu. In ba ta samu ba, adirenalin ta kwalba tana nan a asibitoci da manyan kantunan magani, sai likita ko nas su koya muku zuƙa da yi, ku maimaita a gabansu har hannunku ya faɗa, su kuma rubuta muku adadin a jikin kwalin. Ki ajiye ta inda zafi da rana ba sa kaiwa, ban da cikin motar da ke yini a rana. Ruwanta garau yake, in ya sauya launi ko ranar ƙarewarta ta wuce a canza.

Alamun da ba a jira a kansu su ne dishewar murya, wahalar haɗiya, kumburin harshe, numfashi mai fito, jiri ko suma, ko kuma borin jini haɗe da amai. Da an ga ɗaya bayan cin abinci a yi allurar nan take, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine, amma kada a tayar da shi tsaye, kada ya ce zai taka zuwa mota da ƙafarsa, miƙewa farat ɗaya a wannan hali tana iya tsayar da zuciya. In bayan minti biyar bai farfaɗo ba a yi ta biyu. Ko ya ji garau sai an kai shi asibiti, domin abin yana iya dawowa bayan wasu awanni. In yana shan maganin hawan jini ko na zuciya ku faɗa wa likitan, wasunsu suna shafar yadda adirenalin ke aiki.

Na daɗe a kan wannan ne saboda ke. Matar da ta san cewa in abin ya tashi akwai abin yi, kuma abin yana aljihun mijinta, barcinta daban ne da na wadda ta ɗora duk tsiransa a kan kada ta yi kuskure ko sau ɗaya.

Sai maganar shi maigidan. Ƙanwata, ba za ki iya gadin kowace tukunya a Fatakwal ba. Mutumin da ke fita tun safe sai dare, bakinsa ne kaɗai zai tsare shi. Ina kyautata zaton abin da kike gani kamar sakaci akwai tsoro da jin nauyi a ƙarƙashinsa. Namiji magidanci ya faɗi a gaban abokan aikinsa, an ciccibe shi, yanzu kuma a ce duk inda ya zauna sai ya tambayi mai abinci me ta zuba a miya kamar yaro mai tsirfa. Yin kamar abin bai faru ba ya fi masa sauƙi. Kiran nan sau biyar kuma, duk da don ƙauna kike yi, kullum tuna masa ranar yake, shi ya sa yake ƙara toshe kunne.

Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba a kan abinci ba, ba kuma bayan ya ci wani abu a waje ba. Kada ki fara da laifinsa. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini: ba kya barci, kin gaji, kuma ranar da ya faɗi har yanzu tana idonki. Sannan ki kawo masa ciniki. Ke za ki daina kira kina tambayar me ya ci. Shi kuma zai riƙe abu uku: allurarsa ba ta barin jikinsa, mutum biyu a wajen aikinsa za su san ciwon da yadda ake yin allurar, kuma ba zai ci abin da bai tambaya ba. Tambayar ma a gyara ta. In ya ce ba ya son kirefish, mai abinci za ta ce ai kaɗan ne, ko ta tsame na saman ta miƙo masa. Ya ce likita ya hana shi, in ya ci asibiti za a kai shi. Wannan kowa yana ganewa, kamar yadda ba wanda ke yi wa mai ciwon suga dole da lemo. A saka masa ɗan kati a walat da bayanin ciwon da lambar wayarki, da Turanci tunda a kudu kuke. Ki riƙa haɗa masa abincin rana a kula ya tafi da shi, wannan kaɗai zai rage rabin fitinar. Kuma ki bar likita ya faɗa masa haɗarin da bakinsa a gabanki, maza da yawa abin da suka ƙi ji daga matansu suna ji daga mai farar riga.

Biki kuwa ku koma. Zama a gida ba ya cikin maganin. Ya ci ya ƙoshi kafin ku fita, a can ya ɗauki ruwa ko lemon kwalba, ya yi wa ango addu'a. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda aka gayyata zuwa abinci ya amsa, in ya so ya ci in ya so ya bari. Kwanon maƙwabta ma ki karɓa da fara'a, ke da yara ku ci a kwano daban da cokali daban, ku wanke hannu da baki da sabulu, shi a ba shi na tukunyarki. Ki faɗa wa maƙwabtan gaskiya sau ɗaya, za ki ga wata ma ta fara aiko miki da saƙon cewa wannan babu kirefish a ciki.

Hajiya kuma, a nan sai kin yi haƙuri kin ja baya. Tambayarki daidai ce, bakin da ta fito ne bai dace ba. Uwa ta dafa wa ɗanta abinci shekara talatin da wani abu, sai surukarta ta tsaya a kan tukunya tana tambayar me aka zuba, dole ta ji kamar tuhuma ce. Wannan magana ɗanta ne zai kai mata, shi kaɗai, cikin ladabi, tun kafin ku sake zuwa: Hajiya, likita ya ce abu kaza ne ya kusa kashe ni, kuma abincinki nake so in ci hankali kwance. Kada ku tsaya jayayya da ita a kan sammu, ba za ku ci nasara ba, ba kwa ma buƙatar ku ci. Addu'arta ku karɓa hannu bibbiyu. Abin da za ku roƙa ɗaya ne, kada kirefish ya shiga tukunyar da zai ci, kuma duk wani jiƙo ko gari da ba a san haɗinsa ba ya dakata. In akwai ƙanwarsa ko yayarsa da ke jin maganarku, a ja ta a jiki, ita ce za ta tsaya a madafa a madadinki. Girkin Arewa ma da sauƙi, miyar kuka da kuɓewa da taushe daddawa da bandar kifi ko nama sun ishe su, kuma ita Hajiya ta fi ki sanin haka.

Game da auta, ba a gadon alajin abinci kaza kai tsaye kamar yadda ake gadon kamanni, abin da ke bin jini shi ne saurin kamuwa da alaji gaba ɗaya. Likitocin yara a yanzu ba sa ba da shawarar a jinkirta wa jariri abinci don tsoro kawai. Amma gidanku yana da wani dalili na daban: garin kirefish yana tashi, yana maƙalewa a cokali da hannun yarinya da bakinta, ita kuma a jikin babanta take yini in yana gida. Don haka ni ina ganin kada garin ya shigo gidan. Abin gina jikin da ake nema a cikinsa za ki samu a garin waken suya da gyaɗa da ƙwai da niƙaƙƙen busasshen kifi. Ki riƙa ƙara mata sabon abu ɗaya-ɗaya da rana kina lura. In tana da ƙurajen fata masu tsanani, ki fara nuna wa likitan yara kafin gyaɗa da ƙwai.

Ke kuma, in bayan an yi duk wannan har yanzu kina firgita cikin dare, ko ƙirjinki yana bugawa duk lokacin da wayarki ta yi ƙara, ki faɗa wa likitan a ranar da kuka je, da bakinki, a matsayin naki ƙorafin. Masu jinya da yawa suna shiga wannan hali bayan sun ga abin da kika gani, kuma akwai taimakon da ake yi musu. Ki koya wa babban ɗanki inda allurar take da wanda zai kira, ki koya wa maƙwabciya guda da kika yarda da ita, don ranar da kika je kasuwa ko unguwa kada zuciyarki ta zauna a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki sake rubuto mini bayan kun ga likitan, ina so in ji ko an samu allurar, da kuma abin da gwajin ya ce game da kifi.